Gahawar da Horia ya mayar

Akwai wani lauya mai suna Horia, ɗan ƙauye ne da birni ya karɓa har ya manta hanyar gida. Wata safiya ya je filin jirgin sama na Iași, zai tafi Bucharest wajen shari'a.

Kafin a kira su shiga jirgi, ya tsaya a shagon gahawa yana latsa waya. Sai ga wata tsohuwa sanye da baƙaƙen kaya, sunanta Profira. Ta miƙo masa kofin gahawa da burodin covrig mai riɗi, a naɗe cikin farin ƙyalle.

"Karɓi, ɗana," in ji ta.

Horia ya dube ta daga kallabi zuwa takalmi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Iya, na yi miki kama da mayunwaci? Ki nemi wani can."

Ya ture hannunta, gahawa ta ɗiga a siket ɗinta. Ta goge da gefen ƙyallen ta wuce.

Matar da ke sayar da gahawar ta ajiye masa tasa da ƙarfi. Ta shaida masa cewa ɗan tsohuwar ya rasu, yau ake sadakar arba'in ɗinsa. Ga ta za ta asibiti a Bucharest, ba za ta samu zuwa coci ba, shi ya sa take neman sa'an ɗan nata ta sa masa sadakar a hannu kafin ta tashi.

"Ba a mayar da sadakar mamaci, ranka ya daɗe. Ko a garinku babu uwaye?"

Horia ya san al'adar sarai. Da mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta tsaya a ƙofar gida da irin wannan ƙyalle, kuma duk ƙauyen babu wanda ya wuce bai karɓa ba, har mai gari.

Ya ɗauki jakarsa ya bi layin kujeru yana nemanta, waɗanda suka ji maganarsa suna binsa da ido. Ya same ta kusa da ƙofar shiga jirgi. Wani soja na zaune gefenta yana cin burodin, yana cewa Allah ya jiƙan ɗanta Costel.

Horia ya sunkuya ya ba ta haƙuri. Ya ce ta bari a sayo wata gahawar, zai karɓa da hannu biyu.

"An riga an karɓa, ɗana," in ji Profira. "Na zaɓe ka ne don tafiyarka irin tasa ce. Amma shi bai taɓa ɗaga wa tsohuwa murya ba."

Ya tsaya da kofinsa a hannu har gahawar ta huce, bai iya kurɓa ba. Jirgi ɗaya suka shiga, kuma har suka sauka bai ɗaga kai ba.

Darasi: Ba duk mai miƙo maka abu ne yake raina ka ba, wani shi ne mabuƙacin karɓarka. Ku tambaya kafin ku ture hannun babba, don wata damar ba ta dawowa. Ku tura wa 'ya'yanku da boko ya kumbura musu kai, su karanta.