Littafin da Ya Tokare Ƙafar Tebur

Godiya ta tabbata ga Allah Mai sanar da bawa abin da bai sani ba, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban Shehinmu, al'allama, masanin fiƙihu da ƙira'a, ma'abucin tsentseni da yawan azumi, Allah ya tsawaita kwanansa, ya san ba ya son a ambaci karamarsa. Amma ni bakina ya ƙi rufuwa, domin a kaina abin ya faru, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in tashi in yi tsalle.

Na gama karatun likita, saura jarrabawar da ake ba mutum lasisin duba marasa lafiya, sau biyu ina zama ina faɗuwa, asibitin da ya yi mini alkawarin aiki kuwa ya ce in na sake faɗuwa zai ba wani gurbina. Ciwona mantuwa ce: abin da na karanta da safe, kafin la'asar ya bi iska. Maimakon in nemi maganin wannan, sai na shiga tambayar duk wanda ya ci da me ya yi karatu. Wannan ya ce babban littafi mai juzu'i biyu, wancan ya ce bidiyo, wani ya ce manhajar tambayoyi a waya, ni kuwa kowa ya faɗa sai na ɗauko, na fara wannan, na bari, na kama wancan. Yayata ta leƙo ɗakina wata rana ta ce, "Likita, karatu kake yi ko shagon littattafai za ka buɗe mana?"

Saura wata uku jarrabawa, na cika kwali da littattafai goma sha ɗaya, na kai gaban Shehu, wanda nake ɗaukar karatu a wurinsa tun ina ƙarami, na roƙe shi ya zaɓar mini, alhali na san bai yi boko ba, kuma ganinsa ya yi rauni. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa mai albarka, sannan ya ce, "Saura ɗaya."

Na ce, "Allah gafarta Malam, su ke nan."

Ya ce, "Wanda ka tokare ƙafar teburinka da shi."

Subhanallah! Shehu bai taɓa taka ɗakina ba, ni kaina na manta da abin. Tsohon littafin rubutuna ne na lokacin da muke zagayen marasa lafiya a asibitin koyarwa, wanda na rubuta kowane majinyaci a ciki da hannuna, lambar gadonsa, kukansa, da abin da aka yi masa. A guje na je na zaro shi, bangonsa har ya lotsa. Shehu ya haɗa mini shi da littafin tambayoyi guda, mafi siranta a cikinsu, ya sa aka ɗaure sauran da igiya aka tura bayan kantarsa, ya ce, "Abin da idonka ya gani, hannunka ya rubuta, zuciyarka ba ta yar da shi ba. Ka riƙa zuwa bayan la'asar kana karantar da ni, littafi a rufe."

Haka aka yi. Kullum in yi masa bayanin cuta guda da ka, in na kakare ya yi murmushi ya jira, bayan kwana uku ya sake tambayata ita, bayan mako ya sake, kamar dai yadda yake mana a bitar hadda. Ana saura mako guda ya jefo mini tambaya tasa: "Tsoho ne, ƙafafunsa sun kumbura, in ya kwanta numfashi ya gagare shi sai ya tara matashin kai uku, jijiyar hannunsa tana bugu ba tsari. Me ke damunsa, me za ka yi masa?" Kwana uku ina inda-inda yana maimaitawa, har na tuno mai gado na bakwai a littafina, wanda zuciyarsa ta gaza, na zayyano masa komai tiryan-tiryan.

Ranar jarrabawa, a zauren tambayoyin baka, wani farfesa mai tabarau ya buɗe takarda ya karanto mini wannan tsohon, har da matashi ukun! Wallahi sai da kabbara ta suɓuce mini a fili, mutumin ya ɗago yana kallona, ni kuwa amsa ta riƙa zubowa kamar an buɗe famfo.

Da sakamako ya fito da sunana, Yaya ta cika gida da ihu, ni kuma na fita da takalmi kowace ƙafa daban, ban tsaya ba sai gaban Shehu. Na kama hannunsa da hannuwana biyu ina godiya, yatsuna suka sauka kan jijiyarsa, sai na ji tana bugu ba tsari. Na dubi ƙuryar ɗakin, ga matashi uku a jere. Na ɗaga mayafin da yake rufe ƙafafunsa da shi kullum, ga su a kumbure. Kunya da tsoro suka rufe ni, hawaye ya zubo, na ce, "Allah gafarta Malam, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Na faɗa, sau uku. Yanzu an ba ka izini, likita. Duba ni."

A ranar na kai shi asibiti, shi ne farkon wanda na rubuta wa magani da lasisina, kuma alhamdu lillahi kumburin ya saɓe, yau da matashi guda yake kwana. Allah ya ƙara wa Shehinmu lafiya da ɗaukaka, ya yafe mini watannin da na yi a gabansa ban gani ba, ya sa albarkarsa ta bi hannuna zuwa kan duk majinyacin da zan taɓa. Amin.