Yayar Da Lamont Ya Hana Shiga Gidansa

Akwai wani mawaƙin gambara a birnin Memphis na ƙasar Amurka mai suna Lamont Pettway. Waƙa ɗaya ta fito da shi daga unguwa, kafin shekara ta zagayo ya sayi gida mai ɗakuna goma sha huɗu.

Sai ya kwashe abokan unguwa kusan sittin ya sa su a albashi. Wani aikinsa riƙe masa waya, wani kuwa dariya kawai yake yi idan oga ya yi barkwanci.

Yayarsa Yvonne, direbar motar 'yan makaranta, ita kaɗai ta ƙi karɓar ko dala ɗaya.

"Kai Lamont, ka biya harajin gwamnati kuwa? Waɗannan ƙattin cinye ka za su yi."

"Yaya, hassada ce ke damun ki."

"Hassadar me? Ni na wanke maka kashi, ɗan rainin hankali!"

Ranar ya ce wa masu gadi kada su sake barin ta ta shigo.

Harajin kuwa ya biyo shi. Kotu ta ƙwace gida da motoci, ya sayar da haƙƙin waƙoƙinsa, abokai suka watse. Ya koma jera kaya a wani kanti. Wani lokaci a saka waƙarsa a lasifikar kantin, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jera gwangwanaye.

Kewar Yvonne ta dame shi, amma kunya ta hana shi zuwa. Duk ranar Bikin Godiya, da dangi ke taruwa cin abinci sau ɗaya a shekara, sai ya je bakin layinsu, ya tsaya, ya juya. Shekara tara yana wannan wauta.

A ta goma ya daure ya ƙwanƙwasa. 'Yarta Shanice ce ta buɗe.

"Kawu? Kai ne?"

"Mamanki na ciki? Haƙuri na zo ba ta."

"Mama ta rasu tun watan Maris. Mun neme ka har mun gaji." Ta share ido. "Shigo, abinci zai huce."

Aka zuba masa naman talotalo, kowa na lallaɓa shi, ba wanda ya yi masa faɗa ko sau ɗaya. Abin da ya sa shi kuka ke nan.

Darasi: Mai gaya maka gaskiya lokacin da kake sama shi ne naka, kada ka kore shi. In kuma ka riga ka kore shi, je ka ba shi haƙuri yau, tun yana da rai. Ku tura wa wani, wataƙila akwai ƙofar da yake jin kunyar ƙwanƙwasawa.