Waigin Da Aka Ɓoye A Bayan Rumbu

An yi wani mutum a nan ƙasar Haɗeja, ya 'yan uwa. Ba zan kama sunansa ba, don yana da rai, kuma wasunku sun sha wuce shi a bakin kasuwa.

Manomin shinkafa ne a fadama, mai rufin asiri, ba ya rasa sahun farko a masallaci. Wata shekara ya sayi 'yar ƙaramar tarakta ta hannu, irin wadda Turawa ke aikin lambu da ita. Ba ta da giya irin ta mota, mai ne ke tura ta. Ka danna feda ta tafi, ka ɗaga ƙafa ta tsaya da kanta. Ya ɗaura mata amalanke yana kwaso buhuna daga fadama.

Ba a daɗe ba ya gano ciwonta. Birkinta ya mutu murus. Da safe ba ka ganewa, don man yana da sanyi, yana riƙe ta. Amma in rana ta take, man ya yi zafi, ga kaya, ga gangara, sai ta sulale abinta, ko ka taka birkin har ƙasa.

Ya kai wa Usaini bakanike. Usaini ya ce, "Alhaji, kayanta babu su a nan, sai an aiko daga nesa. Kafin nan kada ka hau tudu da ita da kaya."

Gyara ya yi masa tsada. Sai ya sassaƙa guntun icen kanya ya yi waigi, abin da ake tokare taya da shi. Duk inda ya tsaya, sai ya yi wuf ya dira ya cusa shi. Da ya gaji da wannan rayuwa, sai ya ce sayar da ita zai yi.

To, ku saurara da kyau, nan Shaiɗan ya shigo. Bai tallata ta a unguwarsu ba. Ya nemi mai saye daga nesa, wani Buba daga wajen Kafin Hausa, wanda ya sayar da shanunsa don ya samu abin neman abinci. Ya ce masa ya zo da sanyin safiya. Ya kai shi fili shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Waigin kuwa, tun kafin baƙon ya iso ya jefa shi bayan rumbu, don kada a tambaye shi amfaninsa.

Buba ya hau ya zagaya, ya ɗaga ƙafa, ta tsaya cak. Ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah, lafiyarta ƙalau?"

Ya ce, "Ɗana, ai ga ka ga ta. Kai ka hau, kai ka gani."

Kun ji wayo? Bai rantse ba, bai ce ƙalau take ba. Yana ganin ya tsallake ƙarya. Wa yake yaudara? Wanda ya halicci safiyar da ya zaɓa? Suka tafa, ya ce ya sallama, har da addu'ar Allah ya sa albarka.

Abin da ya manta shi ne, mai tarakta ba ya zama a garinsu. Girbi yake bi, fadama zuwa fadama, duk inda aka kira shi jigila.

Mutumin nan yana da 'ya guda ɗaya tilo, 'Yar'azumi, tana aure a wani ƙauye a bakin kogi. Da aka yanke shinkafar rani, ta fita shiƙa a gonar mijinta tare da matan gidan. Kun san al'adarmu: in an gama, mata ba sa takawa gida, kan buhuna suke hawa. Wa aka ɗauko jigila ran nan? Buba.

Bayan azahar ne, tarakta ta wuni tana aiki. Suka kama hawan jinga, tudun nan da aka yi don tare ambaliya, kogi na bayansu. Sun kusa kaiwa sama sai ta tsaya. Sai ta fara komawa da baya.

Wasu matan suka dira. 'Yar'azumi tana tsakiya, buhuna suka danne mata zane. Amalanke ya kife a gurbi mai zurfi. Da masunta suka fito da ita, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni da kaina ina wurin zaman makoki. Buba ya shigo da hannu a ɗaure, ya zube gaban uban yarinyar yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Baba, wallahi na taka birki. Na taka, na taka! Ban san me na ɓata wa taraktar ba, lafiya ƙalau ka ba ni ita. Na kashe maka 'ya. Ka yafe mini."

Ga ƙofar tuba Allah ya buɗe masa a gaban kowa. Kalma ɗaya ce za ta sauke wa bawan Allah nan dutsen da ke ƙirjinsa. Sai mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yafe maka."

Subhanallahi! Shi ne mai yafewa! Mutane suna ta cewa kai, Alhaji akwai tawakkali.

Ba wanda ya kai mutumin nan kotu. Amma tun daga ranar ƙafarsa ta dama ba ta sake zama lafiya ba. Yana zaune cikin mutane sai ka ga tana danna ƙasa, tana dannawa. A cikin sahu ma haka. Aka yi asibiti, aka yi rubutu, shiru. Ya daina zuwa fadama, ciyawar kacalla ta cinye gonar. Rannan ya je bayan rumbu ya tono waigin nan, gara ta fara cin sa, ya rungume. Da bakinsa ya riƙa ba da labarin nan a titi, amma lokacin an riga an ce ya taɓu, Buba kuma ya bar ƙasar, ba wanda ya san inda yake.

Ya 'yan uwa, addininmu bai bar wannan a duhu ba. In kayanka na da aibi, faɗarsa wajibi ne, ko an tambaye ka ko ba a tambaye ka ba. Shirun da ka yi don ciniki ya faɗa, ha'inci ne. Kai mai babur, kai mai injin ban ruwa, kai mai bijimi da ciwo a kofato, me ka jefa bayan rumbu? Ka tabbata ka san wanda zai hau abin nan gobe?

In kun fita ta bakin kasuwa za ku gan shi. Duk motar da ta tsaya, sai ya ruga ya durƙusa ya cusa icen nan ƙarƙashin taya. Direbobi suna korar sa, yana cewa, "Ku bari, akwai mata a sama."

Allah ya tsarkake mana cinikinmu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya jiƙan 'Yar'azumi, ya sanyaya zuciyar Buba duk inda yake. Mu kuma Allah ya kiyaye mu. Amin.