Kashi Arba'in da Ɗaya

Akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya. Gyaran kwamfuta yake yi, kuma gaskiya ya iya, wannan ba mai musu. Matsalarsa ɗaya ce, ba a gaya masa ya ji. In ka ce masa ga hanya, sai ya tambaye ka shekararka nawa kana riƙe sukundireba.

Yana da 'ya guda ɗaya, 'yar shekara goma sha uku. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa yake kiranta Mamana. Tun da ya rabu da uwarta, yarinyar tana wajen uwar. To yanzu an yi wa uwar canjin wurin aiki zuwa wata ƙasa mai nisa, kuma da yarinyar za ta tafi.

Ranar tafiyar aka kawo masa ita ƙarfe goma na safe, a kan cewa ƙarfe biyar za a zo a ɗauke ta zuwa filin jirgi. Awa bakwai ke nan suka rage masa da 'yarsa, kuma ba wanda ya san yaushe zai sake ganinta.

Ya daɗe yana yi mata alkawarin wani wasan kwamfuta na tseren motoci da mutum biyu ke yi tare. Ranar ya ce sai ya cika alkawari. Ya buɗe manhajar da ake sauke wasanni ta cikinta, ya danna, ya ja mata kujera kusa da shi.

"Minti ashirin, Mamana. Ki shirya shan kaye."

Ta yi dariya. "Za mu gani, Baba."

Minti ashirin suka wuce, wasan yana kashi uku cikin ɗari. A ƙasan allon an rubuta saura awa goma sha ɗaya.

Ran Injiniya ya ɓaci. Ya kashe na'urar intanet ya sake kunnawa. Ya jawo doguwar waya ya jona kwamfutar kai tsaye. Ya canza ƙasar da manhajar ke jawo wasan daga gare ta, ya sake canzawa. Abu dai yana tafiyar hawainiya. Abin da ya fi ƙona masa rai, ko bidiyo ya buɗe a kan kwamfutar sai ya tashi garau, wasan nan ne kawai ya ƙi.

Yayarsa, wadda ta zo don ta yi bankwana da yarinyar, ta leƙo daga ƙofa.

"Kai, rabu da abin nan haka. Yarinya tana zaune tun ɗazu tana kallon ƙeyarka."

"Yaya, don Allah. Shekara goma sha biyu ina wannan aikin, wasan yara ne zai gagare ni?"

Ya kira kamfanin intanet ya wanke su tas. Suka duba suka ce layinsa lafiya ƙalau. Ya ce ba su san aikinsu ba.

Ƙarfe ɗaya ta yi, yarinyar ta ci abinci ita da gwaggonta, nasa ya huce a kan tebur. Ta dawo ta zauna a gefensa, ta ɗora haɓa a kan hannu.

"Baba, wata ƙawata ta ce a cikin saitin manhajar akwai wani wuri da..."

"Mamana, ki bari. Ba irin wannan matsalar ba ce."

Can ta ce, "To mu fita mu ɗan zaga mana. Ko hira ma mu yi."

"Yanzu zan gama."

Wajen ƙarfe uku wasan ya kai kashi arba'in da ɗaya. Haƙurinsa ya ƙare, ya ce tarkace ne ya taru a cikin manhajar, ya danna share. Manhajar ta rufe ta sake buɗewa, sai ga wasan ya koma sifili. Wallahi ni mai ba ku labarin, nan ne abin ya fi ba ni takaici.

Yarinyar ta tashi ta koma falo ta kwanta a cinyar gwaggonta.

Biyar saura kwata aka yi hon a waje. Ya fito da sauri, ido ya yi ja, hannu duk ƙurar bayan tebur. Ta rungume shi a bakin ƙofa, ko minti ɗaya ba a yi ba.

"Zan gyara shi, Mamana. In kin sauka za mu yi ta intanet."

"To, Baba," ta ce, ta shiga mota.

Da ya dawo ɗakin, gidan ya yi tsit. Jiki a sanyaye ya buɗe saitin manhajar, wurin da ya hana yarinyar ƙarasa faɗa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, an ƙayyade gudun saukewa, an sa shi can ƙasa. Shi da hannunsa ya sa shi bara, lokacin da ƙaninsa ya zauna a gidan, don kada wasannin ƙanin su janye masa intanet yana aiki. Ya manta shaf.

Ya cire ƙayyadewar. Cikin minti goma sha takwas wasan ya sauka.

Ya daɗe yana kallon allon, zuciyarsa na ƙuna, hawaye na zuba. Ya ɗauki waya ya kira, uwar yarinyar ce ta amsa, ana jin hayaniyar filin jirgi a bayanta.

"Ki gaya mata ya sauka. Ki ce mata ita ce da gaskiya."

Ya ji ana magana ƙasa-ƙasa. Sannan uwar ta dawo kan layi.

"Ta ce ka bar shi kawai. Ta ce ita ba wasa ta zo yi ba, wajenka ta zo."

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. In abu ya ƙi gyaruwa, fara duba abin da hannunka ya taɓa, kuma ka saurari na ƙasa da kai. Na'ura za ta jira ka har gobe, amma wanda ya zo ganinka yana da lokacin tafiya. Ku tura wa duk wanda kuka san allo ya ɗauke masa hankali daga iyalinsa.