Telan da Ya Kashe wa Maƙwabcinsa Sabis

"Ƙafar bencinka ta shigo gaban shagona."

"Haba maƙwabci, ƙafa ɗaya ce fa."

"Ita ɗin nake nufi. Ja abarka."

Akwai wani tela da wani mai aski, bango ɗaya ne tsakanin shagunansu, kuma kusan kullum da wannan gaisuwar suke buɗe kasuwa. Amma ba benci ne ke cin ran tela ba, mutanen da ke kansa ne.

Layin nasu a kwari yake, dogayen gine-gine sun rufe shi, ba ka samun sabis sai ka ɗaga waya sama kamar mai tsayar da mota. Sai mai aski ya kira wani dattijo mai gyaran rediyo, ya kafa masa eriya a kan rufi, ya yi ta murɗa ta a hankali har sabis ya cika a ƙofar shagon.

Tun daga ranar benci bai ƙara hutawa ba. Mutum zai zo kira ɗaya, sai ya shafa kai ya ce, "Bari dai a ɗan rage min."

Mai aski ya leƙa ya ce, "Maƙwabci, a jawo maka ta bango mana, kai ma ka samu."

Tela ya taɓe baki. "Ni ɗinki nake sayarwa, ba iska ba."

Faɗa kawai ya yi. Duk dariyar da aka yi a kan bencin nan, a ƙirjinsa take sauka, sai ka ji ya taka keke kamar zai ɓalle ƙafarsa.

Rannan ya lallaɓa wajen mai rediyo. "Baba, wai akwai abin da ke kashe sabis?"

"Akwai. Amma hukuma ta hana, kuma ba ya tambayar wayar wa ce. Wanda ya fi kusa da shi, shi ya fi shan wuya."

A duk maganar nan "akwai" kaɗai tela ya ji. Ya bi ta bayan fage ya sayo wani baƙin akwati mai ƙahoni, kowane ƙaho da zangon da yake toshewa. Ya jona shi, ya karkata ƙahonin wajen bango don a tunaninsa can kawai za su yi aiki, ya binne shi ƙarƙashin tulin yadin mutane.

Ranar farko ya sha daɗi, yana jiyo mutanen benci suna ta fama: "Halo? Kana ji na? Ni ba na jin ka." Tela har da 'yar waƙa yana saka zare.

Sai dai magidantan layin ba su daɗe ba suka gano wata ni'ima: a kan bencin nan babu mai iya samun ka. Ba kiran wurin aiki, ba "ka biyo mana da gishiri". Mutum ya koma gida ya marairaice, "Wallahi uwargida ina wurin aski, kin san ba sabis." Aka soke wayoyi a aljihu aka buɗe hira. Mai aski ya ƙaro benci na biyu, wanda ƙafafunsa duka a gaban shagon tela suke.

Shi kuwa tela da abu ɗaya ya yi suna: shi ne telan da ke ɗaga waya ko bai gama ɗinki ba. Yanzu duk wanda ya kira sai a ce ba a samun sa. Kowa kuma ya san abin da ake nufi idan wayar tela ta mutu. Mutane suka fara zuwa da ƙafarsu suna karɓe yadinsu, yana rantsuwa ba ya kashe waya, ba mai sauraron sa.

Har aka zo kan wata Hajiya da ta fi kowa kawo masa aiki.

"Ɗan nan, kai ma ka zama irinsu? Ba ni kayana."

"Hajiya ki zauna, ki sha ruwa..."

"Na sha a gida."

Ta sa hannu cikin tulin ta fizgo leshinta. Leshi ya taho da igiyar wuta, igiya ta fita daga soket, akwati ya faɗo tsakiyar shago, ƙahoni a sama.

Nan take wayoyin benci biyu suka ɗauki kuka a tare. Ta tela ma ta shiga zubo saƙonni kamar an ɓalle famfo. Magidanta suka taso suka cika ƙofa, kowa riƙe da waya, uwargida na kira. Mai aski ya ratso su da almakashi a hannu, ya dubi akwati, ya dubi tela.

"Maƙwabci, wannan fa?"

Tela ya ɗauki akwatin ya shafa shi a kan leshin Hajiya.

"Dutsen guga ne. Sabon yayi."

Darasi: Mai hassada yana auna maƙwabcinsa ne, amma a ɗakinsa yake ajiye cutar, shi ya sa take fara cin sa. Idan an miƙo maka alheri ta bango, ka karɓa ka yi godiya. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, tun sabis bai ɗauke ba.