Aikin da Mai Jeri Ya Ƙi Rubutawa

A wani kamfanin raba magunguna an yi wani mutum da kowa ke kira Mai Jeri. Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da babbar kwamfutar kamfanin, wadda ma'aikata suka laƙaba wa suna Tsohuwa. Aikinsa shi ne jera mata ayyuka: wannan ya tattaro odar asibitoci, wancan ya duba abin da ke sito, na ƙarshe ya buga takardun lodi na direbobi. Ɗaya ba ya tashi sai na gabansa ya gama. Ya iya aikinsa, wannan ba a ja masa. Cutarsa ɗaya ce, rowar sani. Abin da ya sani a cikin kansa yake kwana.

Sai aka ce za a yi wa Tsohuwa ritaya. Za a kwashe ayyukanta a kai girgije, wato kwamfutocin haya da ke can nesa, ana aiki da su ta intanet, suna jera komai da kansu. Tun daga ranar abinci ya daina wuce masa. Yana da shekara hamsin da bakwai, ga 'ya'ya uku a makaranta. Wa zai ɗauke shi?

Aka kawo wata injiniya ta jagoranci ƙaurar. Ta ja kujera kusa da shi ta ce, "Baba, faɗa mini duk abin da Tsohuwa ke yi, har da wanda kake yi mata da hannu."

Ya lissafa mata ayyuka arba'in da ɗaya. Na arba'in da biyu ya haɗiye shi. Ɗakin sanyi, inda ake ajiye allurar masu ciwon sukari da maganin dafin maciji, yana da tasa 'yar kwamfutar daban, kuma ba ta turo bayaninta da kanta. Mai Jeri ne ke janyo shi kowace safiya da layin umarni ɗaya da yake buga wa kwamfuta kafin ya taɓa shayinsa.

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan, 'yata."

Ya sa hannu a takardar shaidar cewa babu sauran aiki. Mako biyu aka yi ana gwada sabon tsarin, shi kuwa kullum sai ya riga kowa zuwa ya janyo bayanin a ɓoye, komai ya fito daidai. Ranar ƙarshe injiniya ta sake tambayarsa, ya sake sa hannu.

Matarsa kaɗai ya gaya wa. "Ranar da aka kashe Tsohuwa zan zauna a gida. Su da kansu za su kira ni."

"Baban yara, magani ne fa, ba sabulu ba."

"Awa ɗaya kawai. Su san darajata."

"Daraja? Allah ya sawwaƙe," in ji ta, ta tashi ta bar masa ɗakin.

Ranar ta zo, ya ce zazzaɓi yake yi. Ya zauna a falo da waya a kan cinya. Tara ta yi, goma ta wuce, shiru. Abin da bai hanga ba shi ne babu aikin da ya tsaya. Allon sabon tsarin ya nuna kore, alamar komai lafiya, daga sama har ƙasa, takardu suka fito, motoci goma sha huɗu suka kama hanya babu kwali ɗaya daga ɗakin sanyi. Sai da suka isa aka gane. Sha biyu saura aka kira shi.

Ya shiga ofis da murmushin da ya tanada, murmushin ya mace a bakin ƙofa. Wayoyi uku na ƙara lokaci ɗaya. Manaja ya sa ɗaya a lasifika, wata ma'aikaciyar jinya tana ihu daga wani ƙaramin asibiti mai nisan awa huɗu: "Mutum shida ke kwance, allura biyu ta rage mini! Ku faɗa mini wa zan ba, wa zan hana!"

Magani na nan a ɗakin sanyi, amma babu wanda ya san nawa ne na wane asibiti. Injiniya ta sake tayar da ayyukan sau biyar, idanunta sun yi ja. Ta riƙe hannun rigarsa. "Baba, don Allah. Na duba duk arba'in da ɗaya, babu kuskure. Ko ni ce na ɓata wani abu?"

Mai Jeri ya shirya yadda za a kira shi, bai taɓa shirya abin da zai ce ba. Ba gyara ba ne da zai yi kamar ya lalubo. Layi ne da ba a rubuta ko'ina ba, duk wanda ya kawo shi yanzu kuwa, an san ya daɗe da saninsa. In ya buɗe baki, aikinsa ya tafi. In ya yi shiru, ga muryar matar nan.

"Bari in duba," in ji shi. Ya zauna yana latse-latsen banza, gumi na ɗiga a kan madannai. Minti ashirin ya ƙara cinye musu.

Wayar ta sake ƙara. "Saura ɗaya," in ji ma'aikaciyar jinyar.

Mai Jeri ya ce a hankali, "Akwai na arba'in da biyu."

Injiniya ba ta zage shi ba, ta turo masa takarda da biro. Ya rubuta layin, ta shigar, cikin minti uku takardu suka fito. Aka tura mota a guje. Cikin majinyatan nan shida, biyar suka tashi, na shidan sai da aka kai shi babban asibiti a sume, kwana tara ya yi kafin ya gane 'ya'yansa.

Da yammacin ranar manaja ya shimfiɗa takardun nan biyu masu sa hannunsa a kan tebur. Mai Jeri ya durƙusa har ƙasa. "Ranka ya daɗe, shekara ashirin da shida..."

"Tashi, Baba. Ka girme ni, kada ka sa in faɗi abin da ke bakina. Ajiye katinka wajen mai gadi."

Mai karatu, ka ji da kyau. Sanin da aka ba ka a bakin aiki amana ce, ba gadon gidanku ba. In rayuwar wasu ta rataya a kansa, rubuta shi, koyar da shi, tun ana tambayarka da ladabi. Tsoron rasa aiki ba abin kunya ba ne, kowa ya ɗanɗana. Amma wanda ya ɓoye sani don a dinga nemansa, za a neme shi sau ɗaya, daga nan ba za a ƙara ba.