Rijiyar Filin Kanya

An yi wani sarki a ƙasar Tsaurawa mai suna Barmo, wanda ya gaji sarauta daga baffansa, ya kuma gaji talakawan da ba sa magana. Duk sa'ad da ya tara su neman shawara, sai su zube gaba ɗaya, su amsa da murya guda: "Abin da sarki ya gani, shi muka gani." Daga nan wurin ya yi tsit, ko tari ba ka ji.

Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, sarki ya ƙudura haƙa rijiya a Filin Kanya, jama'a suka amsa kamar kullum. Amma Waziri Jatau ya lura gumi na tsiyaya daga fuskokin dattawa. Da ya je filin da azahar, sai ya tarar babu sawun mutum ko ɗaya, awaki ma kewaye shi suke yi.

Da waziri ya ba shi labari, sarki ya ce, "Ya kai waziri, na ba ka kwana arba'in, ka kawo mini mutum guda da zai ce mini a'a."

Waziri ya shiga unguwanni, ya kife turmi, ya naɗa masa rawani, ya ce, "Ga sarki nan, ku koyi faɗa masa damuwarku." Sai ga manyan mutane sun zube gaban turmi suna makyarkyata. Bai yi fushi ba. Kullum yakan dawo, ya koya musu yadda ake gaisuwa, a kawo hujja, a tsaya a kanta. Sannu a hankali wani ya yi ƙorafin kasuwa, wani na burtali.

Ranar cikar wa'adi aka taru a fada, masu haƙa na riƙe da diga. Sai Tabawa, wata tsohuwa mai ginin tukwane, ta miƙe.

"Allah ya ba ka nasara, a'a. Kada a haƙa. Can baffanka ya binne waɗanda suka musa masa magana, su goma sha tara. Mahaifina na cikinsu."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Waziri ya matsa kusa da ita, domin shi ya sa ta buɗe baki, kuma bai san abin da zai biyo baya ba.

Sarki ya sauko daga karaga, ya ce, "Iya, saura kaɗan ku bar ni in shayar da ku ruwan kabarin iyayenku. Ina ya kamata a haƙa?"

Mutum bakwai suka amsa, kowa da wurin da ya zaɓa, har gardama ta kaure.

Sarki ya sa aka katange filin, aka yi wa mamatan addu'a. Ya ba kowace unguwa mazauni a majalisa, Tabawa ce ta fara zama, ya kuma yafa wa waziri alkyabbarsa, ya ce, "Adalcin sarki ba ya cika sai talaka ya iya musa masa, ya koma gida lafiya."